Idan ƙaramin karenka ya dame ka da susa, duba nan kafin ka shafa mishi komai

Wani maƙwabcina a Hanwa ta Zariya ya sayo ɗan kwikwiyo irin masu gashin nan da ake cewa Lhasa, sati biyu kawai sai ga kare na ta susa ba dare ba rana har bayan kunnensa ya yi ja, shi kuwa aka ba shi shawara wai ya shafa mishi baƙin mai. Wallahi da ƙyar kwikwiyon nan ya sha, don lashewa ya dinga yi yana amai. Baƙin mai, kananzir, fiya-fiya, Sniper, duk ka yi nesa da su, guba ne, kuma kare mai kilo 3 ko 4 jikinsa ba zai ɗauki abin da babban karen farauta ke ɗauka ba.

Toh farko nemo dalilin. Ka sa safar hannu, ka tsayar da shi kan farar takarda ka taje gashin wajen gindin wutsiya da ciki. In ka ga wani baƙin gari-gari kamar barkono yana zubowa, ɗiga mishi ruwa, in ya narke ya yi ja to kashin ƙuma ne, jinin karen ne ta sha. Ƙuma na yawan jawo susa. Kaska kuma ana ganinta da ido, duba cikin kunne da tsakanin yatsu, da damina abin ya fi ƙamari. Kar ka fizge ta da ƙarfi ko ka ƙona ta, ka kama ta dab da fata da ɗan hantsaki ka ja a hankali.

Wadda ta fi wahalar da mutane ita ce ƙazuwa, don ƙwaron a cikin fata yake haƙa rami, ido ba ya ganinsa. Gashi zai fara zubewa a gefen kunne da gwiwar hannu da ƙirji, fatar ta yi ɓawo, kare ya kasa barci. Akwai wata dabara, ka murza gefen kunnen a tsakanin yatsunka, in ka ga ƙafar baya ta fara harbawa kamar zai yi susa to akwai zargin ita ce. Tana kama mutum ma fa, yara su tashi da ƙuraje a hannu, don haka a raba su da shi tukuna. Wannan kam ba aikin gida ba ne, ka kai shi asibitin dabbobi, ga na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru, za su ɗan kankari fatar su duba a madubin likita su bambance maka ko ƙazuwa ce ko makero ko wani ƙwaron da ke kama kwikwiyo wanda shi ba ya yaɗuwa. Yawanci allurar ivermectin ake yi a maimaita bayan kamar sati 2, amma likita ne zai ɗora shi kan sikeli ya auna maganin, ba wai ka sayo ta shanu a kasuwa ka caka da ka ba. Haka ma amitraz da ake tsoma dabbobi ciki, yana da haɗari ga ƙananan karnuka sosai.

Na ƙuma da kaska akwai ƙwaya irin NexGard da ake ba da ɗaya a wata, sai kwikwiyo ya kai sati 8 da wajen kilo 2. Amma ka ba shi magani ka bar makwancinsa, aikin banza ka yi, domin yawancin ƙwayayen ƙuma a ƙasa suke, kaska kuma cikin tsagar bango take shigewa. Wanke buhu ko tsumman da yake kwanciya kai da ruwan zafi, ka shanya a kan igiya, ka share keji, ka liƙe tsagar da siminti. Na ce kan igiya saboda akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai danshi da fitsari, tsutsarsa ta shige fatar kwikwiyo ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Shi wannan sai a toshe ramin da basilin, a jira kaɗan a matse ta fito.

Wani lokacin kuma mu ne da laifi. Wanka da omo kullum, ga hunturun Zariya da ke busar da fatar mutum balle ta kwikwiyo. Sau ɗaya a sati biyu ko uku da shamfun karnuka ya isa, ruwa mai ɗumi, da rana, a goge shi ya bushe sarai.

In an kawar da duk waɗannan yana nan yana lasar ƙafa kunne na wari, sai a duba abinci, likita zai sa ka tsaya kan abu ɗaya tsawon sati 8 ba ragowar tuwo ba ƙashin kaza. Amma in ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi ya yi fari, ko ya daina cin abinci, ko ƙurajen sun fara ruwa, kar ka jira gobe, ka sa shi a kwali ka tari Keke zuwa Samaru.