Kafin ka sayi tsohon kwale-kwale

Salamu alaikum 'yan'uwa masunta na garuruwan Mai Wurno da Sinja a Sudan. Mai neman kwale-kwale na hannu, kada sabon fenti ya ruɗe shi. Ka sa a kifa shi a gaɓa, ka bi gindin da bakin wuƙa. Inda ta nutse kamar cikin rogo, katakon ya ruɓe. Na bagaruwa, wanda Larabawan nan ke kira sunuɗ, ya fi jure ruwa, sai dai nauyi. Duba kusoshi ma, tsatsa takan ɓuya ƙarƙashin kwalta.

Ni dai ba na biya sai na loda masa gura da taru, mun shiga kogi mu biyu. In cikin awa ɗaya ƙwaryar kwarfa ba ta huta ba, mayar wa mai kwale-kwalen da abinsa.