Yadda ake gano matsalar manhajar Java a gyara ta, ga mai fara koyo

Idan manhajar da ka rubuta da Java ta ƙi aiki, kafin ka taɓa ko layi ɗaya, fara tantance inda ta tsaya. Ko dai `javac`, wato mai harhaɗa kod, ya ƙi karɓarta tun farko. Ko ta fara gudu sannan ta faɗi a tsakiya. Ko kuma ta gudu har ƙarshe lafiya lau amma amsar da ta bayar ba daidai ba ce. Kowanne da inda ake neman maganinsa. A misalan da ke ƙasa za a yi amfani da aji ɗaya mai suna `Dalibi`, wanda ke da suna da maki, da wani ajin `Makaranta` inda `main`, wato wurin da manhajar ke fara gudu, yake.

Mataki na farko: tabbatar da kayan aikin kansu

Buɗe tagar umarni ka rubuta `java -version`, sannan `javac -version`. Idan Windows ta ce `'javac' is not recognized as an internal or external command`, to ko ba a girka JDK, wato kayan aikin Java da ke ɗauke da `javac`, ba, ko kuma ba a saka jakar `bin` ɗinsa cikin `PATH` ba, wato jerin jakunkunan da Windows ke neman umarni a cikinsu. Ƙara ta, rufe tagar, buɗe sabuwa, domin tsohuwar taga ba ta ganin canjin. Duba kuma ko lambobin biyu sun yi daidai. Wanda ya harhaɗa da Java 17 ya zo gudanarwa da Java 8 zai ga `UnsupportedClassVersionError`, saƙon zai ambaci 61.0 da 52.0: na farkon lambar fayilolin Java 17 ce, na biyun ita ce iyakar abin da Java 8 ke iya karantawa.

Sunan fayil dole ya zama sunan ajin da aka yi wa `public`, har da babban baƙi da ƙarami: `public class Dalibi` sai cikin `Dalibi.java`. Wajen gudanarwa kuma `java Makaranta` ake rubutawa, ba a haɗa da `.class`. Haɗawar ce ke jawo `Could not find or load main class`. Haka kuma za ka ga wannan saƙon idan fayil ɗin yana da layin `package` a samansa amma ka shiga cikin jakar kana kiran ajin da gajeren sunansa. Koma jakar da ke sama, ka kira shi da cikakken suna, misali `java makaranta.Makaranta`.

Akwai wata matsala da ta shafi mai rubuta Hausa kai tsaye. Idan ka saka ɗ, ƙ ko ɓ a cikin kod, tsofaffin JDK a kan Windows kan yi ƙorafin `unmappable character`, ko su fitar da wasu alamomi marasa ma'ana. Adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, ka harhaɗa da `javac -encoding UTF-8 Dalibi.java`. Daga Java 18 UTF-8 ya zama tsarin da ake ɗauka kai tsaye. Duk da haka ya fi sauƙi a bar sunayen aji da na fayil da baƙaƙe marasa lanƙwasa.

Mataki na biyu: idan `javac` ya ƙi karɓa

Saƙon yana zuwa da sunan fayil, lambar layi, da alamar ^ a ƙarƙashin wurin da ya tsaya. Gyara kuskuren farko kaɗai, ka sake harhaɗawa. Baka ɗaya, wato `{`, da aka manta ba a rufe ba tana iya haifar da ƙorafi goma, kuma da zarar an rufe ta duk su ɓace. Saƙon `reached end of file while parsing` kusan kullum ma'anarsa akwai `}` da ta ɓata.

Wanda aka fi gani shi ne `cannot find symbol`. Karanta layuka biyun da ke ƙasansa: `symbol` yana faɗa maka sunan da ba a gane ba, `location` yana faɗa maka inda aka neme shi. Yawanci dalilin ɗaya ne cikin huɗu. An yi kuskuren rubutu, kamar `string` a madadin `String`. An manta `import`, kamar `import java.util.ArrayList;`. An ƙirƙiri ma'ajiyar (variable, wato sunan da ke riƙe da ƙima) a cikin bakunan `if` ko `for` sannan ana kiranta a waje, alhali rayuwarta ta ƙare a inda bakar ta rufe. Ko kuma ana kiran aikin (method) da ajin ba shi da shi.

Sai `non-static method cannot be referenced from a static context`. A nan ne da yawa kan bi gajeriyar hanya su liƙa `static` a kan komai har ƙorafin ya yi shiru. Kada ka yi haka, domin ka rushe dalilin rubuta ajin ke nan. Aji kamar ma'aunin buga bulo yake, abu kuma shi ne bulon da aka buga. `main` na ma'aunin ne, ba ya cikin kowane bulo, saboda haka ba zai iya tambayar makin ɗalibi ba sai an nuna masa wane ɗalibi. Ƙirƙiri abun tukuna: `Dalibi d = new Dalibi("Aisha", 70);` sannan `d.getMaki()`. Idan ka mayar da `maki` ya zama `static`, ɗalibai duka za su koma amfani da maki guda, na wanda aka saka a ƙarshe ya shafe na kowa.

Game da magini, wato aikin da `new` ke kira: ba ya ɗaukar `void`. Idan ka rubuta `public void Dalibi(...)`, ya zama aiki na yau da kullum mai suna iri ɗaya da ajin, kuma `new` ba zai kira shi ba. Sannan da zarar ka rubuta magini mai karɓar suna da maki, Java ta daina ba ka wanda ba ya karɓar komai, don haka `new Dalibi()` zai daina aiki sai ka rubuta shi da hannunka.

Mataki na uku: idan ta faɗi tana cikin gudu

Jan rubutun da ya cika allo yana da tsari. Layin farko sunan matsalar ne da bayaninta. Layukan da ke farawa da `at` su ne sawun da manhajar ta bi, na sama shi ne inda ta faɗi, na ƙasa shi ne inda ta faro. Sauko daga sama har ka iske layin farko mai ɗauke da sunan fayil ɗinka, kamar `Dalibi.java:14`. Nan za ka je.

Kafin a shiga `NullPointerException`, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai, don rabin matsalolin da suka rage daga gare shi suke fitowa. Ma'ajiya irin `int maki` lambar ce da kanta a ciki. Amma ma'ajiya irin `Dalibi d` ba ɗalibin ne a cikinta ba, adireshin inda yake ne kawai. `null` takarda ce da ba a rubuta adireshin komai a kanta ba. Idan ka ce `d.getSuna()` alhali `d` tana `null`, ka aiki yaro gidan da babu shi.

Daga Java 15 saƙon yana faɗin abin da yake `null` ɗin kai tsaye, misali `because "this.suna" is null`. Idan ka ga `<local1>` a madadin suna, harhaɗa da `javac -g` domin sunayen ma'ajiyoyin cikin aiki su fito. Bayan ka san wace ce, koma baya ka nemi inda ya kamata a ce an ba ta adireshi. Wurare uku ne aka fi samun laifin.

Na ɗaya cikin magini. An rubuta `suna = suna;`, to duka biyun suna nufin abin da aka miƙo ne, na ajin bai samu komai ba. Daidai shi ne `this.suna = suna;`. `javac` ba ya ƙorafi a kan wannan, shi ya sa yake daɗewa ba a gani ba. Ɗan'uwansa shi ne rubuta `String suna = ...` a cikin magini, wanda ke ƙirƙirar sabuwar ma'ajiya da za ta ɓace da an fita.

Na biyu cikin jeri. `Dalibi[] aji = new Dalibi[30];` kujeru talatin ya jera, babu kowa a kansu. Sai an bi kowane gurbi an ce `aji[i] = new Dalibi(...)`. Na uku kuma jerin `ArrayList` da aka ambata a saman aji ba a yi masa `= new ArrayList<>()` ba.

Kada ka rufe matsalar da `try` da `catch` mara komai a ciki. Manhajar za ta daina faɗuwa a layi na 14, ta je ta yi ɓarna a layi na 90 inda babu saƙon da zai nuna maka tushen.

`ArrayIndexOutOfBoundsException` ya fi sauƙi. Ƙirgen gurbi daga 0 yake farawa, don haka jeri mai gurbi 5 ya ƙare a 4. Saƙon `Index 5 out of bounds for length 5` yawanci yana nufin an rubuta `i <= aji.length` a inda ya kamata `i < aji.length`. `ConcurrentModificationException` kuma yana fitowa ne idan kana cire abu daga `ArrayList` alhali kana zagaya shi da `for` mai bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Yi amfani da `removeIf`, wanda ya zo da Java 8 a 2014: `dalibai.removeIf(d -> d.getMaki() < 40);`.

Mataki na huɗu: idan babu saƙo amma amsar ba daidai ba

Wannan ya fi cin lokaci, don babu mai nuna maka layi. Fara da kwatanta rubutu. Alamar `==` tsakanin abubuwa biyu adireshi take kwatantawa, ba ta duba abin da ke ciki. `amsa == "eh"` na iya yin aiki a gwajin da ka rubuta kalmar a cikin kod, saboda Java tana ajiye kwafi ɗaya na irin wannan rubutun, amma ta ƙi idan mutum ne ya buga kalmar da hannunsa. Rubuta `"eh".equals(amsa)`, da wannan tsarin ko `amsa` tana `null` ba za ta faɗi ba. `Integer` ma yana da irin wannan tarkon: daga -128 zuwa 127 `==` yana ba da gaskiya, a 128 kuma bisa tsarin da aka saba sai ya ce ƙarya.

Adireshin nan ne dai ke sa `Dalibi b = a;` bai yi kwafi ba. Ɗalibi ɗaya ne da takardu biyu masu nuna shi, ka canza makin `b` ka ga na `a` ya canza. Haka idan ka ƙirƙiri abu sau ɗaya a wajen madauki irin `for`, kana canza sunansa kana zuba shi cikin jeri, za ka tarar da sunan ƙarshe a kowane gurbi. Mayar da `new` cikin madaukin.

Idan ka buga ɗalibi sai ka ga abu kamar `Dalibi@1b6d3586`, ba ka rubuta `toString()` ba ne. Idan `contains` ya ce babu ɗalibin da ka san yana nan, `equals` ne ba ka rubuta ba, kuma duk wanda ya rubuta `equals` sai ya rubuta `hashCode`, in ba haka ba `HashMap` da `HashSet` za su riƙa ɓatar da abubuwansa. Ɗora `@Override` a kan kowannensu. Da shi, idan ka rubuta `tostring` da ƙaramin baƙi, `javac` zai tsayar da kai nan take.

Lissafi ma yana da nasa. `(70 + 75) / 2` zai ba ka 72, don raba `int` da `int` yana zubar da ragowar, rubuta `2.0` ka samu 72.5. Iyakar `int` ita ce 2,147,483,647, ƙara ɗaya a kai ya juya ya koma lamba mai alamar ragi ba tare da gargaɗi ba. Mai ƙirga kuɗi da kwabo zai kai wannan iyakar tun kafin naira miliyan 21 da rabi, saboda haka `long` ya dace da shi. `double` kuwa bai dace da kuɗi ba, tunda `0.1 + 0.2` yana ba da 0.30000000000000004, a yi amfani da `BigDecimal`, a ƙirƙire shi daga rubutu: `new BigDecimal("0.10")`.

Sai `Scanner`, mai karanta abin da mutum ya buga, da ke tsallake tambaya. Bayan `nextInt()`, alamar sabon layi da aka samu daga danna Enter tana nan ba a ɗauke ta ba, sai `nextLine()` na gaba ya ɗauke ta ya dawo da rubutu fanko. Hanya mafi tsabta ita ce a karanta komai da `nextLine()`, a mayar da lamba da `Integer.parseInt(...)`.

Idan ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, rage girman gwajin. Ɗalibai uku sun isa, da makin da za ka iya lissafawa a takarda. Rubuta amsar da kake tsammani kafin ka gudanar. Sannan saka `System.out.println` a tsakiyar manhajar ka buga ƙimar ma'ajiyar da kake zargi tare da sunanta. Idan daidai take a nan, laifin yana rabi na biyu. Idan ta riga ta lalace, yana rabi na farko. Ci gaba da rabawa haka, manhaja mai layi 200 ba za ta wuce rabawa takwas ba ka iso kan layin. A manhajojin rubuta kod irin su IntelliJ IDEA, Eclipse ko NetBeans, saka alamar tsayawa a gefen lambar layi, ka gudanar ta maɓallin Debug, ka riƙa takawa layi-layi kana kallon ƙimar kowace ma'ajiya a tagar gefe. Canji ɗaya za ka riƙa yi kafin kowane gwaji, wanda bai yi amfani ba kuma ka mayar da shi yadda yake kafin ka gwada na gaba.