Yadda ake koya wa daliban likita aikin hannu kafin su taba majinyaci

Abin da ke ci min rai shi ne a ce dalibi ya fara koyon sa kanula ('yar robar da ake sawa cikin jijiya da allura don karin ruwa ko magani) a hannun tsohuwar da ta taso tun daga Illela ko Gwadabawa, ya soka sau uku sau hudu tana ta salati tana cewa dana ka yi a hankali. Na gani da idona a wani asibiti, kuma wallahi ba laifin yaron ba ne, ba a taba ba shi inda zai gwada ba.

To da farko malam ka zabi abu daya tak a zama guda, kar ka hada dinkin rauni da kanula da CPR (farfado da wanda zuciyarsa da numfashinsa suka tsaya) rana daya. Dalibai shida zuwa takwas sun isa, in sun fi haka wasu kallo kawai za su yi su tafi.

Sai kayan aiki. In akwai mutum-mutumin roba irin Resusci Anne da kamfanin Laerdal na Norway ya fito da shi tun 1960, madalla. In babu kar a zauna jira. Dinki ana koyonsa a bawon ayaba, ko ka aika mahauta da sassafe a samo kafar saniya ko fatar akuya, amma fa a gama da ita kafin azahar don zafin Sakkwato ba ya barin nama ya yini. Kanula kuma ka cusa soso cikin safar hannu, ka ratsa robar dirif a ciki ka cika ta da zobo, yaro na soka daidai zai ga ja ya dawo cikin allura, ka ga fuskarsa lokacin nan.

Kai ka fara yi suna kallo, ka sake yi kana bayani, sannan kowa ya yi da hannunsa. A CPR na babban mutum danna kirji sau 30 ne hura iska sau 2, gudun 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, gwiwar hannu a mike, kuma yawancinsu tsoro suke ji ba sa dannawa sosai sai ka tsaya a kansu.

Daga nan ka samo wani ya yi kamar majinyaci, ya shigo yana cewa likita gabana ka faduwa, da Sakkwatanci tsantsa, a ga ko dalibin zai gaishe shi, ya nemi izini kafin ya taba shi, ya gane abin da yake nufi. Wannan na taimakon wadanda suka zo karatu Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato daga kudu sosai, kuma irinsa za su tarar a jarabawar OSCE, wato jarabawar gwada aikin likita a aikace.

In an gama kar a watse. Ku zauna, ka tambayi dalibin mi ka gani, ina ka rikice, ka bar shi ya fada da bakinsa kafin ka gyara, ban da tsawa gaban abokansa. Sannan ya tashi ya sake yi nan take, bayan mako biyu a sake kiransu su maimaita.