Yadda Ake Shirya Tankin Renon 'Ya'yan Ƙananan Kifayen Siklid

Ƙananan kifayen ado na dangin siklid 'yan'uwan karfasa ne, sai dai yawancinsu ba su wuce tsawon yatsa ba. Daga cikinsu akwai Apistogramma na kogunan Kudancin Amurka, da kribensis wanda asalinsa rafukan kudancin Najeriya da Kamaru ne. Uwar kan tsare 'ya'yanta sosai, shi ya sa ba na goyon bayan a raba su da ita kafin su yi mako uku ko huɗu da fara iyo, sai in wasu kifayen sun matsa musu.

Tankin gilashi mai cin lita 40 ya wadatar. A bar ƙasansa babu yashi domin a riƙa ganin ragowar abinci da kashi, sannan a jefa ɗan gansakukan ruwa inda za su fake.

Babban aikin yana kan matatar ruwa, kuma a nan ne masu gaggawa suke yin asara. Matatar soso mai aiki da famfon iska ita ce ta dace, domin ba ta zuƙe ƙananan kifi. Amma sabon soso ba ya tace komai, tunda bakteriyar da ke sarrafa amoniya, sinadarin da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, ba ta riga ta zauna a cikinsa ba, amoniya kuwa guba ce ga ɗan kifi. Saboda haka a sanya soson a tankin iyayen ya yi kamar wata guda yana aiki kafin ranar ƙaura, kuma a cika sabon tankin da ruwan da aka ɗebo daga can, don kada sauyin ruwa ya gigita su. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, famfon iska mai batir wajibi ne, domin bakteriyar kan mutu idan iska ta daɗe da yankewa.

A tsayar da ɗumin ruwa a wajen digiri 26 na Salshiyas. A Apistogramma zafin makonnin farko yana shafar jinsi: idan ya yi yawa maza kan rinjaya, idan ya yi ƙasa mata su fi yawa.

Abincinsu na farko shi ne jariran jatan landen Artemia, waɗanda ake ƙyanƙyashewa a ruwan gishiri cikin awa 24 zuwa 36. A ba su kaɗan-kaɗan sau uku a rana. Wanda ya ƙoshi za a ga cikinsa ya yi ja-ja kamar lemo.

Kowace rana a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyon iska, a duba bokitin ko an jawo wani ɗan kifi, sannan a mayar da kashi 10 cikin 100 na ruwan a hankali, da ruwa mai ɗumi iri ɗaya wanda aka cire wa kulorin.