Babi na Bakwai: Duba Lafiyar Ruwan Rafinmu

Darasi na Ɗaya: Ɗibar ruwa

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da 'yan uwana. Duk wanda ya iso wannan babi ya iya karanta lamba daga 1 zuwa 100, kuma iyakar abin da ake bukata ke nan. Yau rafi za mu.

Ruwa yakan yi garau alhali da cuta a cikinsa. Wani kuma ya yi jajir bayan an yi ruwan sama, amma ba abin da ke damunsa sai laka. Ido kaɗai ba ya raba wannan gardama. Shaidu biyu za mu kira: takardar gwaji, da ƙananan ƙwarin da ke kwana a ƙarƙashin duwatsun rafin.

A riƙo kwalba mai murfi, da takardun gwaji, da farar roba mai faɗi, da littafi da fensir, da waya ko agogo. A yanko tsohon gidan sauro a ɗinke shi a bakin waya mai kauri ya zama kamar rariya. A sa takalmin roba mai tsawo, domin tsargiya, wato fitsarin jini, ta fata take shiga idan an tsaya a ruwan da katantanwa ke ciki.

To, ga inda aka fi yin tuntuɓe. Idan na ce "saman rafi", ba fuskar ruwan nake nufi ba. Tsinki ganye ka jefa. Inda ganyen ya nufa, nan ne ƙasa. Inda ruwan ya fito, nan ne sama. Ka juya fuskarka sama, ruwan yana zuwa gare ka.

Yanzu miƙa hannu gabanka ka ɗebo. Girgiza kwalbar, ka zubar a bayanka. Ɗaya ke nan. Sake ɗebowa daga gabanka, girgiza, zubar a bayanka. Biyu. Sake yi. Uku. Na huɗun shi ne na gwaji: nitsa kwalbar kamar taƙi ɗaya a cikin ruwan, kada ta taɓa ƙasa, ta cika, ka rufe.

Me ya kawo wannan wahala? A ajinmu na bara wani dattijo ya zo da kwalbar da aka taɓa jiƙa kanwa a ciki. Ya cika ta ba kurkura, takarda ta yi shuɗi, ya tashi hankalinsa wai an zuba wa rafinsu guba. Kanwar uwargidansa ya gwada, ba rafi ba. Muka yi dariya, shi ma ya yi, ya sake, ya samu daidai. Ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara.

Sai mu maimaita tare, da ƙarfi: fuska sama, ɗiba a gaba, zubarwa a baya, sau uku. Idan ka zubar a gabanka, ruwan da ka zubar shi zai dawo cikin kwalbarka. Idan ka ba ruwan baya, lakar da ƙafarka ta tayar za ka ɗiba. Hajiya, ke ma da kike cewa kin gane, sake faɗa. Fuska sama, ɗiba a gaba, zubarwa a baya, sau uku.

Darasi na Biyu: Takardar gwaji

Kafin ka buɗe robar takardun, tambayi kanka: na kurkure kwalbar sau uku? Idan kana kokwanto, koma ka sake.

A jikin robar za ka ga harufa biyu, ƙaramin p da babban H, wato pH. Wannan awo ne na tsami da kanwa, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, ruwan toka da na kanwa suna can sama da 9. Ruwan sha ana so ya faɗa tsakanin 6.5 da 8.5. Wannan ɗigon da ke tsakanin 6 da 5 ba datti ba ne, kada ka goge shi. Ana karantawa "shida da rabi" da "takwas da rabi".

Da busasshen hannu za ka zaro takarda ɗaya, ka rufe robar nan take, don laima tana ɓata sauran. Kama ta a wutsiya, kada yatsanka ya taɓa ɗan murabba'in mai launi. Tsoma, ciro, ka jira iyakar daƙiƙoƙin da aka rubuta a jikin robar, kana kallon agogo. Sannan ka kara ta da launukan da aka zana, a hasken rana, ba a cikin ɗaki ba. Rubuta lambar nan take, domin launin yana canzawa idan takardar ta bushe.

Takarda ta biyu ta naitiret ce, ana rubuta shi NO3. Daga takin zamani yake zuwa, da kashin dabbobi, da masai da ke kusa da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa 50 a ruwan sha, wato miligiram 50 a lita ɗaya. Idan ya haura haka, jarirai ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska. Tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi. A nemi wani ruwan don jariri.

Waɗannan takardu biyu ba sa nuna dalma, ba sa nuna sinadarin jima irin wanda masana'antun fata na Kano suka daɗe suna saki zuwa kogin Challawa. Kun tuna 2010 a Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara, gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Inda ake niƙa ko wanke irin wannan dutse kusa da ruwa, a kai kwalba ɗakin gwaji na gwamnati, takarda ba za ta isa ba.

Darasi na Uku: Ƙwarin ruwa

Takarda labarin yau kawai take bayarwa. Ƙwaron da ya yi watanni a rafin ya san abin da ya wuce ta kansa da dare. Sai dai a gama gwajin takarda tukuna. Makon jiya na ga rabin aji sun faɗa ruwa da rariya, sun dama shi kamar kunu, sannan suka zo ɗibar kwalba. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kwalba da farko. Fuska sama, ɗiba a gaba, zubarwa a baya, sau uku. Mutum ya yi jikoki, a ce abu huɗu sun gagare shi riƙewa?

Kafa rariyar a gindin ruwa, bakinta yana kallon sama, inda ruwan ke fitowa. Tsaya gabanta ka tattaka duwatsu na minti biyu, ruwa zai kwaso abin da ya fito ya zuba mata. Juye a farar roba da ɗan ruwa, ka jira ya kwanta.

Ƙirga wutsiya. Ƙwaro mai ƙafa shida da siraran wutsiya uku kamar gashi, ko mai wutsiya biyu da ke manne da dutse, ko wanda ya gina wa kansa gida da yashi da tsinke yana jan sa, waɗannan ba sa jure ƙazanta. Ganinsu albishir ne. Ɗan mazari da ƙaguwa suna tsakiya. Idan kuwa ba komai sai jajayen tsutsotsi a cikin baƙar laka, da matsattsaku, da tsutsa mai dogon bindi irin ta kwatami, ruwan ba iska a cikinsa.

Rafin yashi da ke ƙafewa da rani ba zai tara ƙwari kamar na duwatsun Jos ba, don haka a gwada wuri biyu, sama da gari da ƙasa da gari, a kwatanta. In an gama a mayar da ƙwarin ruwa.

Darasi na Huɗu: Kwalbar da ke yin baƙi

Ƙwari masu kyau ba su nufin a sha ruwan ba tafasawa. Akwai shaida ta uku, ƙaramar kwalbar gwajin kashi, mai nuna ko kashi ya shiga ruwan. Cika ta zuwa layi, rufe, ajiye a ɗaki kwana biyu. In ta yi baƙi, alamar kashi ce, a tafasa ruwan rafin ko a sa masa kulorin kafin a sha. Yadda ake ɗiba kun sani, sai dai ita wannan ƙaramar kwalbar ba a kurkure ta, don kada maganin gwajin da ke cikinta ya zube.

Darasi na Biyar: Rubutawa

Kwanan wata, wuri, lambar pH, lambar naitiret, ƙwarin da aka gani. Sau ɗaya da damina, sau ɗaya da rani. A zo da littafin ranar Asabar.