Yadda na shawo kan ɗigar fitsari bayan tiyatar furostet

Bayan an yi mini tiyatar furostet (wata gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara) aka cire robar fitsari, sai na tarar ko tari na yi, ko na miƙe daga sujada, fitsari yana ɗiga, abin da ya fi damuna kuwa shi ne yawan sabunta alwala.

Likita ya umarce ni da atisayen Kegel, wanda ke ƙarfafa tsokokin da ke tsakanin dubura da maraina, waɗanda suke taimaka wa mafitsara riƙe fitsari. Na shafe makonni uku babu canji, domin ashe cikina da ɗuwawuna nake matsewa, ina kuma riƙe numfashi. Ma'aikacin fisiyo (mai yi wa marasa lafiya magani ta hanyar atisaye) ne ya gano kuskuren. Ya sa na kwanta rigingine na ɗora hannu a ciki, ya ce in matse kamar mai hana tusa fita, ba tare da cikin ya motsa ba. Na fara da riƙewa ta daƙiƙa 5, in saki na daƙiƙa 5, sau 10, sau uku a rana, daga baya na kai daƙiƙa 10, a zaune da kuma a tsaye. Ya hana ni yawan tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa, domin hakan yana hana mafitsara juyewa gaba ɗaya.

A ganina, abin da ya fi amfani shi ne matsewa kafin tari ko tashi. Na kuma rage goro da shayi, ko da yake rage goron ya ba ni wuya. A wata na huɗu na daina sa ƙunzugu da rana.