Kurakuran da aka fi yi wajen auna wa kare takunkumi

Takunkumin farko da na saya wa karen gadin gidanmu, da ido na auna shi. Na ce wa mai kanti karen babba ne, ya miƙo mini mafi girman da yake da shi. Ranar da za a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, tun kafin mu fita layinmu ya sa ƙafar gaba ɗaya ya zame shi kamar hula. Na biyun kuma, don gudun maimaici, sai na sayo matsattse na yadi, wanda ya fi na farkon haɗari nesa ba kusa ba.

Babban kuskuren da ya fi kowanne shi ne a auna bakin kare a rufe a tsaya nan. Kare ba ya zufa a jiki kamar mu. 'Yar zufar da yake yi a tafin ƙafa take. Haki ne fankarsa: ya wangale baki, ya zaro harshe, iska ta kwashe zafin. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, to ka duba karen da aka ɗaure wa baki tamau a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda rana ke haura digiri 40. Cikin ɗan lokaci zai galabaita, yana iya mutuwa ma. Gyaran abin ba wuya. Ka zagaya bakin da tef ɗin tela a wurin da ya fi kauri, ƙasa da idanu kaɗan, ka rubuta. Sannan ka ba shi ƙwallon da yake wasa da ita ya riƙe a baki, ka sake zagayawa. Awo na biyun shi ne na gaskiya. In ya ƙi riƙe komai, bari sai ya gama gudu yana haki, ka ɗauki hotonsa daga gefe da tef a kusa da fuskarsa, ka ga nisan da ke tsakanin karan hanci da haɓa.

Wannan ne ya sa takunkumin yadi, mai kama da hannun riga, ba na yawo ba ne. Na minti kaɗan ne, a gaban likitan dabbobi, lokacin allura ko wankin ciwo. Na fita da shi waje shi ne mai siffar kwando, na roba ko waya ko fata, wanda kare zai yi haki a ciki, ya sha ruwa, har a zura masa 'yar tsoka ta rami.

Tsawo ma ana yawan ɓata shi. Wasu suna farawa daga tsakiyar goshi, sai takunkumin ya hau ya riƙa tokarar idanu. Ka fara kamar yatsa ɗaya ƙasa da ido, ka tsaya a tsinin hanci, ka ƙara wajen santimita 1. Hanci kada ya taɓa gaban kwandon, domin gogayyar kwana biyu ta isa ta saluɓe shi. Idan kuma tsawon ya zarce da yawa, abin zai riƙa lilo, karen ya sami wurin maƙala farce.

Akwai masu dogara da sunan iri ko nauyi. Karen farauta irin namu da Azawak na Nijar da Mali dogon baki ne da su, siriri. Rotwaila da Bowabul nasu gajere ne mai faɗi, ga kumatu. Karnuka biyu masu kilo 30 suna iya buƙatar takunkumi daban ƙwarai, kuma lamba 4 ta wani kamfani ba ita ce lamba 4 ta wani ba. Don haka a auna faɗin baki ma, daga kunci zuwa kunci. A kuma lura da tef ɗin: gefe ɗaya inci ne, ɗayan santimita, inci 1 kuwa santimita 2.54 ne. Wanda ya karanta wannan gefe ya yi oda da wancan, kuɗinsa sun tafi.

Na san da yawanmu abin da ke hana mu matsawa kusa shi ne ƙyamar yawun kare. Safar hannu ta roba ta raba gardama. Karen da ke tsoron tef kuwa, a yi da zare, a ƙulla alama, a shimfiɗa shi a kan rula daga baya. Wanda ya saba ba shi abinci shi zai auna, ba baƙo ba, kuma bayan karen ya ci ya natsu.

Sai madaurin ƙeya, wanda shi ya kunyata ni a karon farko. Wurinsa can sama ne, dab da bayan kunnuwa, ba ƙasan wuya inda sarƙa ke zama ba. Yatsa ɗaya ya shiga tsakaninsa da fata, kada ya wuce haka. Ga mai gajeren baki, a nemi mai ƙarin igiya da ke bi ta tsakanin idanu zuwa ƙeya. Bayan an ɗaura, ka ja kwandon gaba a hankali; in ya zame a hannunka, ƙafarsa ma za ta zame shi.

In baduku ne zai ɗinka maka, ko mai walda zai lanƙwasa na waya, kai masa awon buɗaɗɗen baki, ka ce ya sa laushin fata ko soso inda zai zauna a karan hanci, ya goge duk wani tsini. Ƙarfe yana ɗaukar zafi a rana, a taɓa shi da hannu kafin a sa. Kwikwiyo kuma kansa girma yake yi, awon watan jiya ba ya aiki yau.

Kuma kada ranar allura ta zama ranar da zai fara ganin abin. Kwanaki kafin nan, ka riƙa sa dafaffen nama a ƙasan kwandon yana cusa baki da kansa yana ɗauka, ba tare da an ɗaure ba. Sai a ɗaure na daƙiƙa 10, gobe minti 1, jibi a zaga tsakar gida da shi.